Nazarin Lamari: Yadda Rashawa Suka Ɗauki Fim ɗin Sherlock Holmes Ba Su Taka Ingila Ba

Asalin lamarin, kafin 1979

A ƙarshen shekarun 1970 wasu marubutan fim biyu, Yuli Dunsky da Valery Frid, suka kai wa kamfanin shirya fina-finai na Lenfilm da ke birnin Leningrad na Tarayyar Sobiyet wani rubutaccen labari. Sun ɗauko shi ne daga labaran Sherlock Holmes, mai binciken laifuffukan nan na Landan wanda likita Arthur Conan Doyle ya ƙirƙiro a 1887, zamanin Sarauniya Victoria. Marubutan nan biyu ba baƙin wahala ba ne. An kama su a 1944 suna ɗalibai a makarantar koyon fim ta Mosko, aka ɗora musu laifin ƙulla makircin kashe Stalin, shugaban ƙasar na lokacin, suka shafe shekara goma a sansanonin gwale-gwale, sai a 1956 aka wanke su.

Aikin ya faɗa hannun darakta Igor Maslennikov, wanda ya yi karatu a jami'ar Leningrad, ya kuma yi aiki a gidan talabijin na birnin kafin ya koma fim. Shi da bakinsa ya sha faɗa cewa labaran bincike ba su taɓa ɗaukar hankalinsa ba. Abin da ya ja shi ga wannan rubutu shi ne yadda marubutan suka ba Dakta Watson, abokin Holmes, matsayin mutum mai ransa, har da raha a tsakanin su biyun. Gidan talabijin na ƙasa da ke Mosko ne ya ba da kwangilar, kashi biyu kacal, kowanne ya ɗan haura awa ɗaya.

Matsalar da kamfanin ya tarar a gabansa ita ce wannan. Labarin gaba ɗayansa a Ingila yake, Ingilar kusan shekara ɗari da suka wuce: titunan Landan da fitilun gas, kekunan doki, jiragen ƙasa masu hayaƙi, gidajen masu sarauta a karkara. Ita kuwa Tarayyar Sobiyet ba ƙasar da ake fita daga cikinta don an ga dama ba ce. Sai da izinin hukuma, kuma kuɗin waje ba a ɓarnatar da su a kan fim ɗin talabijin. Zancen kwasar ma'aikata da kyamarori a tafi Landan bai ma taso ba. Ga shi kuma masu kallon da za a nuna wa sun san labarin kamar yunwar cikinsu. An fassara Conan Doyle zuwa Rashanci tun kafin juyin juya halin 1917, a 1966 kuma aka buga ayyukansa a juzu'i takwas da suka shiga gidaje masu yawa. Kowane mai karatu yana da Holmes ɗinsa da Landan ɗinsa a ka, duk da cewa kusan dukkansu ba su taɓa ganin Landan ba.

1979: neman fuskoki

Abin da aka fara karo da shi fuska ce. A tsarin fim na Sobiyet, darakta ba ya yanke hukunci shi kaɗai a kan 'yan wasa, akwai majalisar tantancewa da za ta duba hotunan gwaji ta amince ko ta ƙi.

Daraktan ya tsaya a kan Vasily Livanov, wanda suka yi aiki tare a wani fim na tarihi a 1978. Doguwar fuska da siririn jiki sun dace da zanen Holmes da Sidney Paget ya yi wa mujallar Strand. Abin tsoron muryarsa ce. Livanov ya ɓata muryarsa tun yana saurayi wajen ɗaukar wani fim cikin matsanancin sanyi, ta dishe ba ta sake komawa daidai ba, kuma da wannan disasshiyar murya ya yi suna a fina-finan zane na yara. Shi ne muryar Karlsson, ɗan lukutin mutumin nan mai farfela a baya, shi ne kuma muryar kadan nan mai suna Gena. Duk yaron Sobiyet ya san ta. Ana gudun kada Holmes ya buɗe baki a yi ta dariya a gidaje.

Shi kuwa Vitaly Solomin, wanda aka kawo don Watson, laifinsa shi ne ya cika kama da Barashe, da zagayayyar fuska da ɗan gajeren hanci. Aka manna masa jan gashin baki, sai ga shi ya yi kama da hoton Conan Doyle kansa lokacin ƙuruciya. Da haka aka wuce da shi. Rina Zelyonaya, wadda aka ba matsayin Misis Hudson mai gidan haya, an haife ta a 1901, tana dab da shekara 78, aka yi ta shakkar ko za ta jure aikin. Ta jure har fim na ƙarshe, bayan shekara bakwai.

Inda fuska ta dace amma harshe bai dace ba, sai aka raba su. Borislav Brondukov, ɗan Yukiren, shi ya fito a Sufeto Lestrade na 'yan sandan Landan, amma karin harshensa na Yukiren ya fito fili, don haka wani ɗan wasan Leningrad, Igor Yefimov, ya ɗora masa murya. Wani abin da ba a damu a gyara ba: a littafi Mycroft ya girmi ƙanensa Sherlock da shekara bakwai, amma Boris Klyuev da ya fito a Mycroft, Livanov ne ya girme shi da shekara tara. Kwalliya da nauyin tafiya suka rufe wannan.

1979: neman titi

Titin Baker na gaskiya, inda littafin ya sa gidan Holmes a lamba 221B, miƙaƙƙe ne, mai faɗi, da jerin gidajen bulo masu kama da juna. Babu irinsa a Tarayyar Sobiyet. Abin da ake da shi shi ne biranen gaɓar tekun Baltik, waɗanda 'yan kasuwar Jamus suka gina tun ƙarnonin baya, kuma masu fim na Sobiyet sun daɗe da mayar da su "ƙasar waje" duk lokacin da labari ya buƙaci Turai ta Yamma. Aka tafi Riga, babban birnin Latbiya, sama da kilomita 500 daga Leningrad, aka zaɓi wani ɗan siririn titi mai daɓen duwatsu a tsohon gari, kusa da babban cocin birnin, sunansa Jauniela, wato Sabon Titi. Aka liƙa lamba 221B a wata ƙofa, aka rataya allunan shaguna da Turanci, aka zuba kekunan doki da mutane masu dogayen huluna.

Wannan titi ba sabo ba ne a idon mai kallo. Shi ne ya fito a matsayin wani titin birnin Bern na Suwizalan a wani shahararren fim ɗin leƙen asiri na talabijin na 1973, wanda kusan kowa a ƙasar ya kalla. Ba a ɓoye shi ba, dai an sauya masa kaya.

Cikin gidan kuwa a Leningrad aka gina shi, a zauren ɗaukar hoto na kamfanin: falo da murhu, matakalar katako, kujeru masu hannu, kwalaben gwaje-gwajen Holmes, gogensa, lofensa. Saboda haka duk lokacin da Watson ya buɗe ƙofar titi ya shiga, ya tsallake daga Latbiya zuwa Rasha a taku ɗaya. Sauran wuraren aka tsinto su a Leningrad da kewayenta, musamman tsofaffin gidajen attajiran zamanin sarakuna da ke Tsibirin Kamenny, waɗanda wasunsu dama an gina su ne ana kwaikwayon gidajen Turawan Yamma.

Kiɗan buɗe fim ɗin ma yana da nasa labarin. Daraktan yana son wani abu mai kama da kiɗan da sashen Rashanci na BBC ke sawa, tashar da gwamnati kan toshe lokaci-lokaci. Kamar yadda shi da mai kiɗan, Vladimir Dashkevich, suka sha bayarwa, ta wayar tarho aka yi aikin: daraktan ya matsa masa, shi kuwa ya ajiye kan wayar kusa da fiyano ya kaɗa abin da ya fara zuwa masa, daraktan ya ce kada ya taɓa komai, ya rubuta shi haka nan. Kiɗan da ya fito yana da ƙasaita irin ta fada, da ɗan murmushi a ƙarƙashi.

Disamba 1979 zuwa Maris 1980: kalma ɗaya

An gama kashi biyun a 1979. A littafi, farkon abin da Holmes ya faɗa wa Watson ranar da aka haɗa su shi ne ya lura daga Afganistan ya dawo, domin Watson likitan soja ne da aka raunata a yaƙin Maiwand na 1880. Haka aka ɗauka. A ƙarshen Disamba 1979 sojojin Sobiyet suka shiga Afganistan. Nan take zancen likitan sojan wata daular da ya dawo daga can da rauni ya zama abin da ba za a bari ya fita a talabijin ba. Aka dawo da 'yan wasa ɗakin ɗora murya, Afganistan ta koma "Gabas". Hodar iblis da Holmes ke yi wa kansa allura a littafi tun farko ba ta shiga fim ɗin ba.

An nuna shi a Maris 1980. Wasiƙun masu kallo suka yi ta kwarara suna neman ƙari, gidan talabijin ya sabunta kwangila.

1980: matsirgar ruwa

Fim na biyu kashi uku ne, Vladimir Valutsky ya rubuta. A cikinsa ne Holmes ya yi kokawa da babban abokin gabarsa Farfesa Moriarty a bakin matsirgar Reichenbach da ke Suwizalan, inda Conan Doyle ya kashe Holmes a 1893 don ya gaji da shi, kafin masu karatu su tilasta masa dawo da shi a 1903. An ɗauki wannan a matsirgar Gega da ke duwatsun Abkhaziya, a yankin Kokeshiya. Dutse da ruwa ba su da ƙabila, don haka wannan canji bai ba da wahala ba. Viktor Yevgrafov, wanda ya saba da wasannin kasada, shi ya fito a Moriarty da ɗan doro da kallon maciji, Oleg Dal ya ɗora masa murya.

1980 zuwa 1981: fadama da mutanen gida

Fim na uku shi ne ya fi kowanne girma da wuya: labarin karen gidan Baskerville, wanda mujallar Strand ta buga daga Agusta 1901 zuwa Afrilu 1902. A taƙaice, wani tsohon gidan sarauta a yankin Dartmoor na kudu maso yammacin Ingila yana da tatsuniyar cewa wani baƙin kare daga wuta yana bin zuriyarsu. An tsinci gawar maigidan, Sir Charles, da sawun ƙaton kare kusa da ita. Magajinsa, Sir Henry, ya dawo daga Kanada. Holmes ya tura Watson ya raka shi, shi kuma ya laɓe a dajin yana bincike. A ƙarshe aka gano maƙwabcinsu Stapleton, mai yawon kama malam buɗe littafi, ɗan gidan ne da ya ɓoye asalinsa, yana kiwon kare na gaske a tsakiyar fadama yana shafa masa sinadarin da ke sa shi ƙyalli da dare, don ya kashe magada ya gaje dukiyar.

A nan titin Riga ba shi da amfani sai a farkon labari. Ana buƙatar fili mai faɗi maras bishiyoyi, da duwatsu, da taɓon da ke haɗiye doki. Aka tafi Istoniya, wadda babban birninta Tallinn ke kusan kilomita 370 daga Leningrad, ƙasa mai yawan dausayi. Gidan Baskerville kuwa haɗa shi aka yi daga gine-gine biyu na Tallinn, gidan Maarjamäe da wani basaraken Rasha ya gina a bakin teku da gidan duwatsu na Glehn. Daraktan ne ya rubuta labarin tare da Yuri Veksler, mai ɗaukar hoton fina-finai biyun farko.

Sai kuma matsalar mutane. Aka ba Nikita Mikhalkov matsayin Sir Henry, shi kuwa darakta ne mai ji da kansa, wanda daga baya ya ci lambar Oscar a 1995. Ya zo tare da abokin aikinsa Alexander Adabashyan, mai rubuta masa labari da tsara masa wuraren ɗauka. Maslennikov ya sha ba da labarin yadda ya hango sarki biyu a gari ɗaya, mutum biyu suna tsaye a bayansa suna ƙus-ƙus a kan yadda ya kamata a ɗauki kowace fitowa. Dabarar da ya yi ita ce ya ba Adabashyan aiki: ya manna masa gemu ya mayar da shi Barrymore, babban hadimin gidan.

Daga wannan haɗin abin da babu shi a littafi ya fito. Sir Henry na Conan Doyle mutum ne natsattse, jarumi. Na Mikhalkov ya shigo Landan cikin ƙatuwar rigar fata mai gashi, yana magana da ƙarfi, yana dariya da ƙarfi, da ya ji kukan kare a daji kuma sai ya nemi kwalba. Barrymore ya kulle kabad ɗin giya, kullum da safe ya ajiye masa kwanon kunun hatsin nan da Turawa ke karya kumallo da shi, fuska a ɗaure, ya sanar da shi da kalma biyu a Rashanci: kunu ne, ranka ya daɗe. Wannan 'yar magana ta fita daga fim ta shiga bakin Rashawa, har yau ana faɗarta. Oleg Yankovsky ya fito a Stapleton, Irina Kupchenko a matarsa da yake cewa ƙanwarsa ce, Svetlana Kryuchkova a matar Barrymore, Yevgeny Steblov a Dakta Mortimer.

1981: karen

Duk abin da aka yi a baya canji ne na wuri da wuri, fuska da fuska. Karen kuwa babu abin da za a canza shi da shi. Littafin ya ce ƙato ne baƙi, wuta na fita daga bakinsa, idanunsa na ci kamar garwashi. Mai karatu ya shafe shafi sama da ɗari yana jiran ganinsa. Babu kwamfuta da za ta zana shi. Abin da ke biye yana bin bayanin da daraktan ya yi ta maimaitawa a hirarrakinsa.

Gwajin farko shi ne a bi littafi, a shafa wa kare fosfaras. Masu horar da karnuka suka ƙi, kuma da hujjarsu. Fosfaras guba ne, nau'insa mai ƙyalli yana kama wuta da kansa a iska, kare kuwa duk abin da aka shafa masa lashewa zai yi. Babu mai kare da zai ba da dabbarsa. Conan Doyle ma ya hango wannan gibi, shi ya sa ya sa Holmes ya ce wani haɗi ne na musamman maras wari da ba zai hana karen bin sawu ba. A takarda jimla ɗaya ta wadatar. A gaban kyamara ba a samu wannan haɗin ba.

An kuma gwada neman girma ta wata hanya: a sa maraƙi a madadin kare, tunda littafin kansa ya kwatanta girman dabbar da manyan dabbobi. Maraƙi dai bai san farauta ba, tafiyarsa ta maraƙi ce, aka watsar da wannan.

Aka koma ga kare na gaske, ƙaton baƙi daga nau'in dogayen karnukan nan na Jamus. Don ƙyalli aka samo tef mai mayar da haske, irin wanda ake liƙawa a allunan kan hanya, wanda direba ke gani yana walƙiya idan fitilar mota ta haska shi. Aka liƙe jikin karen da shi. Da aka duba abin da aka ɗauka, dariya ta kama mutane, domin abin da ya fito ya fi kama da ɗan rawar biki da ya sha ado. Haske ya yi yawa, ya zana siffar dabbar gaba ɗaya, ba a bar wa tsoro wurin ɓuya ba.

Mataki na gaba shi ne a rage. Aka ɗinka wa karen takunkumi na baƙin karammiski, aka kankare sinadarin da ke jikin tef ɗin aka kwaɓa da kumfar garin sabulun wanki, aka zana a kan takunkumin abin da ya yi kama da ƙoƙon kai mai zubar da kumfa. Jiki ya ɓace a duhu, fuska kaɗai ta rage. A nan sai wata matsalar ta ɓullo, daga yadda sinadarin ke aiki. Ƙananan ƙwayoyin gilashi ne a cikinsa, waɗanda ke mayar da haske daidai inda ya fito, ba sa watsa shi gefe. Ke nan kyamara ba za ta ga ƙyallin ba sai an ɗora fitila mai ƙarfi dab da idonta. Fim ɗin ɗaukar hoto na wancan zamani ma mayen haske ne, ba ya kama abu a duhu. Ana kuma son karen ya taho a guje kai tsaye zuwa ga kyamara. Wato ana neman dabba ta ruga cikin fitilar da ke kashe mata ido, fuskarta a ɗaure. Karen ya ƙi. Aka yi ta maimaita ɗauka, aka tattara 'yan daƙiƙoƙin da suka yi kyau.

Ragowar aikin a ɗakin sauti da teburin yanka fim aka yi shi. Kukan kare na gaske ya yi ƙanƙanta ga abin da ake so, don haka mai haɗa sauti, Asya Zvereva, ta cakuɗa gurnanin manyan namun daji, zaki da damisa da beyar, ta ja shi ya yi tsawo. Wannan kukan ne ake ji tun tsakiyar labari yana ratsa fadama, ana ganin fuskar Sir Henry tana sauyawa, ba a ganin mai kukan. Da karen ya fito daga hazo a ƙarshe, ɗan lokaci kaɗan ya yi a allo.

An nuna fim ɗin a 1981, kashi biyu. Ba a rufe shi da bayanin Holmes kaɗai ba. An nuna Sir Henry kwance a gado, hankalinsa ya taɓu don tsoro, matar Barrymore na ba shi kunu a cokali tana lallashinsa kamar yaro.

1983 zuwa 1986

Fim na huɗu ya fito a 1983, labarin dukiyar Agra haɗe da na Irene Adler, inda kogin Neva ya tsaya a madadin kogin Thames wajen tseren jiragen ruwa. Na biyar ya fito a 1986, ya kai Holmes jajibirin yaƙin 1914, ya yi ritaya yana kiwon zuma, aka dawo da shi don kama ɗan leƙen asirin Jamus. Motoci da tarho sun shigo. Jimilla fim biyar, kashi 11, cikin shekara bakwai, daga kwangilar da aka fara da kashi biyu.

1991 zuwa 2007

A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Leningrad ta koma sunanta na da, Saint Petersburg. Riga da Tallinn suka zama manyan biranen ƙasashe masu cin gashin kansu, Abkhaziya ta faɗa yaƙi a 1992. Zelyonaya ta rasu a 1991, Solomin a Mayu 2002.

A 2006 Birtaniya ta ba Livanov lambar girmamawa ta MBE. A Afrilu 2007 aka kafa gunkin tagulla na Holmes da Watson kusa da ofishin jakadancin Birtaniya a Mosko, aikin Andrey Orlov, kuma duk wanda ya kalli fim ɗin ya san fuskokin da ke jikinsa. A wannan shekarar kuma aka buga tsabar azurfa guda huɗu da sunan Tsibiran Cook masu ɗauke da hotunan 'yan wasan. Maslennikov ya rasu a 2022.

Hukunci

In ana maganar kamanni, ba a kawo Landan ba. Duk wanda ya san birnin zai gane a minti na farko cewa rufin gidajen Jauniela da tagoginsu na Jamusawan Baltik ne. Dausayin Istoniya shimfiɗaɗɗe ne, Dartmoor kuwa tuddai ne. A ganina abin da ya ceci aikin shi ne waɗanda aka yi wa fim ɗin ba da Landan suke auna shi ba, da abin da suka karanta suke aunawa, kuma masu shirya shi daga littattafan nan guda suka san Ingila. Abin da mai karatu ke riƙewa daga Conan Doyle ɗaki ne mai ɗumi, murhu na ci, dattijuwa na shigowa da tire, mutum biyu da suka amince da juna suna zaune. Wannan kuwa ana iya gina shi a zauren Leningrad ba tare da ragi ba, kuma a nan aka zuba ƙarfi. Ga mai kallon da ke zaune a gidan gwamnati mai ɗaki biyu, a ƙasar da binciken laifi aikin hukuma ne kaɗai, mutumin da ke warware shari'a daga kujerarsa ba tare da izinin kowa ba abin sha'awa ne a kan kansa.

Abu na biyu shi ne Watson, kuma ladan wannan na Dunsky da Frid ne tun kafin a kunna kyamara. Fina-finan Amurka 14 da Basil Rathbone da Nigel Bruce suka yi daga 1939 zuwa 1946 sun bar wa duniya Watson tsoho mai shirme. Solomin ya mayar da shi saurayi, soja, mai saurin jin kunya da saurin faɗawa soyayya, wanda har ya taɓa zargin abokin zamansa da zama shugaban ɓarayi. Sun yi haka shekara biyar kafin gidan talabijin na Granada a Ingila ya fito da nasa jerin da Jeremy Brett a 1984. Muryar da aka ji tsoro ma ta zama riba, domin dariyar Livanov mai kaushi ita ta cire wa Holmes sanyin da yake da shi a takarda.

Rahar tana da farashi, kuma a fim na uku aka biya. Labarin karen labarin tsoro ne, amma Sir Henry na Mikhalkov da kwanon kununsa sun cinye rabin tsoron. Ni dai ina ganin an yi ciniki mai riba, sai dai mai son littafin yana da hakkin ƙorafi. Fim na biyar kuwa shi ya fi rauni, kuma dalilin a fili yake: an fitar da Holmes daga falon nan mai murhu, an kai shi ofisoshin ministoci, inda dabarar kamfanin ba ta da abin kamawa.

Batun karen, ba a warware shi ba, an dai kewaye shi. Fosfaras ya faɗi a kan lafiyar dabba, maraƙi a kan tafiya, tef a kan yawan haske, takunkumi kuma ya tsaya rabi da rabi saboda halin kare. Abin da ya yi aiki shi ne kukan da Zvereva ta haɗa da kuma almakashin mai yanka fim. Wanda ya tsayar da hoton a kwamfuta yau, daidai inda dabbar ta fito daga hazo, zai ga baƙin kare mai dogayen ƙafafu sanye da takunkumin karammiski da aka shafa wa kumfar sabulu, yana ɗan kauce wa fitila.